Tafkin Nokoué yana bayan gidanmu, amma baƙi sun fi mu saninsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tashi daga Zongo na koma Calavi, amma sai watan jiya na fara sa ƙafata cikin jirgin ruwa a tafkin Nokoué. Daga ƙofar gidana zuwa tashar jiragen Ganvié, zemijan ba ya cin minti goma sha biyar. Abin da ya kai ni ma ba sha'awa ba ce. Baƙo na yi daga Maraɗi, ɗan kawuna, ya ce ya daɗe yana jin labarin garin da aka gina a kan ruwa, ba zai koma gida ba sai ya gani da idonsa. Baƙonka annabinka, na ce mu je.

A cikin jirgin akwai wata tsohuwar Baturiya 'yar Faransa. Ta ce mana zuwanta na shida ke nan, kuma farkon zuwanta tana budurwa ne, lokacin da take koyarwa a wata makaranta a Kwatano. Ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba. Da muka iso inda masunta suka kakkafa rassan itace cikin ruwa don tara kifi, abin da suke ce wa akaja, sai na ga ta zare tabarau tana share ido. Mai jirgin kuwa, saurayi ne ɗan ƙabilar Tofinu, yana tuƙi yana nuna mana inda ruwan gishiri ke shigowa daga teku da rani, da yadda kainuwa ke rufe hanya idan ruwan kogi ya sauko, ta kuma mutu da kanta idan gishiri ya dawo. Can sai ya juyo ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Calavi. Ya yi dariya har sai da ya saki sanda, ya ce da Faransanci: «Ku mutanen Zongo, a faranti kawai kuka san tafkin nan.»

Na yi dariya ni ma, amma maganar ta bi ni har gida. Mu uku muka hau ruwa ɗaya. Ita tsohuwar ta zo ne neman ƙuruciyarta, shi yaron yana cikin gonarsa da tarihin kakanninsa, waɗanda suka shige ruwan nan don tsere wa mayaƙan Dahomey masu kamun bayi. Ni da nake maƙwabcin tafkin, ni ne kaɗai ba ni da abin da zan tuna a kansa. Wannan giɓi ne, kuma ina ganin ba ni kaɗai ke da shi ba. Mu Hausawan Kwatano da Calavi muna rainon yaran da ba su da wata bishiya, ko wani ruwa, ko wani dutse da za su ce nasu ne a ƙasar da aka haife su, kuma rabin laifin namu ne.

Masana sun daɗe suna nazarin yadda mutum ke shaƙuwa da wuri. Wani masanin labarin ƙasa haifaffen ƙasar Sin, Yi-Fu Tuan, wanda ya koyar a Amurka, ya wallafa littafi guda a kan wannan a 1974, ya sa masa suna Topophilia, wato ƙaunar wuri. Waɗanda suka biyo bayansa suna tare masu ziyarar gandun daji suna yi musu tambayoyi, kuma sukan raba abin gida biyu. Akwai wanda ya shaƙu da wuri don yana biya masa buƙata, kamar masunci da tafki. Akwai kuma wanda wurin ya shige cikin jininsa, idan an taɓa shi kamar an taɓa mutuncinsa ne. Abin da suke yawan samu shi ne, kyan wuri kaɗai ba ya haifar da wannan. Komawa ce ke haifar da shi, da daɗewa, da kuma waɗanda ka je tare da su. To ai wannan ko kakata ta sani, ba ta kuwa taɓa shiga lakwal ba.

Inda mutane suka bambanta shi ne ta wace ƙofa ƙaunar ke shiga. Mutumin Amurka, tun da aka keɓe gandun Yellowstone a 1872, an koya masa cewa daji mai kyau shi ne wanda babu kowa a ciki, ka je kai kaɗai da jakarka ka yi shiru. A Japan, hukumar gandun dajinsu ce ta ƙirƙiro abin da suke kira wankan daji a 1982, ka shiga cikin itatuwa ka yi ta shaƙar iska don lafiyar jiki. Maƙwabtanmu Fon da Gun kuwa, kurmi a wurinsu gidan wani ne da ba a gani, sai an nemi izini ake shiga. Bahaushe fa? Ka kai Bahaushe daji shi kaɗai ka ce ya zauna ya yi shiru, zai tambaye ka laifin me ya yi maka. Mu inuwa muke so, mai tabarma da buta da abokan hira. Bishiya ba ta zama tamu sai ta zama majalisa.

Kar wani ya ce don haka ba mu san ƙaunar wuri ba. A duba sunayen garuruwanmu da unguwanninmu: Rimin Gado, Tsamiyar Boka, Kukar Bulukiya, Goron Dutse, Dogon Dutsi. Mutanen da ba su damu da itace da dutse ba, ba za su riƙa kiran kansu da sunayensu ba. Kai, ita kanta kalmar da ake kiranmu da ita a nan, Zongo, ai zango ce, inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, suna ratsa Nikki da Djougou har Salaga, madugu ba ya ce musu a sauka sai inda ya san akwai ruwa da inuwa da ciyawar jakuna. Unguwanninmu a duk Afirka ta Yamma daga gindin bishiya suka fara. Yau ka zaga Zongon Kwatano da azahar ka ƙirga inda dattijo zai shimfiɗa buzu ba rumfar kwano ba. Ba ka cika yatsun hannu biyu ba.

Akwai wani durumi a bakin layin da na tashi. A ƙarƙashinsa mahaifina da abokansa suke zama daga la'asar zuwa magariba, nan ake sasanta rigimar aure, nan ake karanta wasiƙar da ta zo daga arewa, nan mai yankan farce ke ajiye kujerarsa. Da aka zo gyaran hanya aka sare shi cikin wuni ɗaya. Hanyar ta yi kyau, ban ce a'a ba. Amma majalisar ba ta sake haɗuwa ba, kowa ya koma zauren gidansa, kuma Baba har ya rasu idan zai yi wa mutum kwatance sai ya ce «ka zo daidai durumi», alhali babu durumi. Ba wanda ya je ya yi magana kafin a sare shi. Mun ɗauka abin kunya ne babban mutum ya tafi ofis yana roƙo a kan itace.

To me ya raba mu da wuraren da ke kusa da mu? Na farko, kuma shi ne babba, tsoron shirka. Ba zan raina wannan tsoro ba, don ba daga iska ya zo ba. Muna zaune a ƙasar da Musulmi ba su kai kashi uku cikin goma ba bisa ƙidayar 2013, a kudu ma ba mu kai haka ba, kuma kusan duk wani babban itace ko bakin ruwa da ka gani a nan yana da mai shi. A Ouidah, cikin kurmin Kpassè, akwai itacen loko, wanda Yarbawa ke ce wa iroko, da mutanen garin suka ce sarkinsu ne ya rikiɗe ya zama shi. Ita kanta kasuwar Dantokpa da muke ci muke sha a cikinta, sunanta daga Dan ya fito, macijin da ake bauta wa a bakin ruwan. Uba ya ga farin ƙyalle ɗaure a jikin bishiya da manja a gindinta, dole ya ja hannun ɗansa. Mu ma a tarihinmu an sha wannan gwagwarmaya: Kano ta yi zamanin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, kuma littafin tarihin sarakunan Kano cike yake da labarin yadda aka yi ta fama da wuraren tsafin nan har Musulunci ya kafu.

Na kai wannan magana gaban limaminmu, dattijo ne mai sauƙin kai. Na ce: «Allah ya gafarta Malam, ina so mu kai yaran islamiyya su ga tafki.» Ya yi shiru, sannan ya ce: «Ɗana, ka san abin da ake yi a ruwan nan?» Ya tuna mini abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a ƙarƙashinta, da ya ji mutane sun fara zuwa suna salla a wurin. Gaskiyarsa. Amma na ce masa, cikin ladabi, ai a Bukhari da Muslim ne ya zo cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana Uhudu a matsayin dutsen da yake son su, su ma suke son sa. Dutse fa, kuma wanda aka zubar da jinin Sayyidina Hamza a gindinsa. Kuma da zazzaɓin Madina ya kama Bilal bayan hijira, abin da ya riƙa bege shi ne kwarin Makka da ciyayinsa da ruwansa da duwatsunsa, ba a kuwa ce imaninsa ya ragu ba. Annabi ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina ya zama makiyayar da ba kowa ke taɓawa ba, Umar ɗin nan da ya sare bishiya shi ne kuma ya keɓe Rabaza. Abin da aka hana mu shi ne roƙon wuri da neman tsari da shi. Son sa da kula da shi, ba a hana ba. Mu ne muka haɗa biyun muka zubar tare, don hakan ya fi sauƙi a kan tsayawa a koya wa yaro bambancin.

Yaron da ba a koya masa bambancin ba kuwa, ba tsira ya yi ba. Wata rana zai je da kansa, ko makarantar boko ta kai shi, ya ji bayani daga bakin wani, kai ba ka nan.

Dalili na biyu shi ne mun ɗauki yawon ganin daji a matsayin aikin Turawa da marasa abin yi. Ɗan kasuwa ya rufe shago ranar Asabar don ya je ya kalli tsuntsaye? Haba. Akwai gaskiya a cikin wannan ma, don yadda aka tsara manyan gandun dajin ƙasar nan tun farko ba don mu aka yi ba. Gandun W, da aka sa wa suna saboda yadda kogin Kwara ya karkace a wurin, Turawan mulkin mallaka ne suka ayyana shi a 1954. Pendjari ya zama gandun ƙasa a 1961. Manoma da makiyaya da mafarautan da ke shiga wuraren nan tun kaka da kakanni, su aka ce su tsaya a waje. Bafulatanin da ya san kowace rijiya da kowane mashayi a dajin W, idan aka gan shi ciki da shanunsa mai laifi ne. Wanda ya sauka daga jirgin sama ya kwana uku, shi ake tambaya yadda ya ji a ransa. A nan nake ganin nazarin masanan yana da makanta: ƙaunar mai tikiti ake aunawa, ta wanda aka kora ba ta da takardar da za a cika.

Duk da haka, Pendjari abin alfahari ne. Shi da Arly ta Burkina da W suna cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 2017, kuma nan ne mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke. A shekarar ce gwamnati ta miƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks, W kuma a 2020. Na sha cewa wata rana zan kai iyalina su ga giwa. Sai ga 1 ga Mayu 2019, aka sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe ɗan jagoransu Fiacre Gbédji, ɗan ƙasar nan. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka masu gadin daji a W. A Afrilun 2025 gwamnati ta ce sojoji 54 aka kashe a yankin. Waɗanda ke wannan ta'asa da sunan addininmu suke yi, kuma mun san irin kallon da hakan ke jawo wa mai dogon gemu da mai hula a tashar mota. «Wata rana» ɗin tawa ta yi nisa.

Hanyar gida ma ta yi nisa. Da, idan an yi hutun makaranta, akan tura yara Gaya ko Dosso ko Maraɗi ko Sakkwato su yi damina wurin kakanni, su san gawo da aduwa da magarya, su yi wanka a gulbi. A can suke samo bishiyarsu. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, gadar Malanville da Gaya ta daɗe a rufe, sai dai a tsallaka da kwale-kwale a biya ninki, kuma uwaye da yawa sun daina yarda. Ko ba don wannan ba ma, mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaron da aka haifa a Godomey, yana jin Fon kamar ɗan gari, yana lissafi da Faransanci, Maraɗi garin kakansa ne. Idan muka ci gaba da ce masa «gida» yana can arewa, nan kuma zaman kasuwa ne kawai, to mun bar shi a tsakiya, ba tsuntsu ba dabba. Kuma mu da kanmu muke ba masu ce mana baƙi hujja.

Calavi kuwa tana cin kanta da sauri. A ƙidayar 2002 mutanenta ba su wuce 300,000 da 'yan kai ba, a 2013 sun haura 650,000. Gonakin kwakwar manja sun zama filaye, filaye sun zama gidajen haya, fadamun da ke shanye ruwan sama an cike su da shara da yashi an yi gini. Wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san inda ruwan ke komawa. Mu ma muna ciki dumu-dumu. Alhaji ya sayi fili mai mangwaro uku, abu na farko da zai ce wa magini shi ne a sare su, a malale tsakar gida da siminti kar ganye ya dami matan gida. Bayan shekara biyu ya sayi fanka huɗu yana zagin zafi. Ledar da muke ƙulla wa masu sayayya a Dantokpa da Misebo, ina muke tsammani take ƙarewa? Na gan ta da idona, tana lilo a jikin akajar mutanen Ganvié.

Wanda bai taɓa zama a wuri ba, ba ya jin zafi idan an lalata shi, kuma ba a kiransa idan za a yanke shawara a kansa. Ana ta gyare-gyare a bakin teku da bakin tafki, an kuma tsara tayar da manyan 'yan kasuwa daga Dantokpa zuwa sabuwar kasuwa a nan Calavi. Idan aka zo maganar rumfa da kuɗin haya, za ka ga wakilanmu sahun gaba. Idan maganar inda za a bar fili da itatuwa ce, ko ɗaya ba za ka gani ba. Daga baya mu ce an manta da mu.

Ba sai an je Pendjari ba. Cikin jami'ar Abomey-Calavi akwai lambun itatuwa da dabbobi, mutanenmu da yawa suna wuce ƙofar kullum ba su san da shi ba. A Zinvié, cikin ƙaramar hukumarmu, akwai kwarin Sitatunga, fadama ce da ake kare wata irin barewar ruwa. A Porto-Novo akwai lambun da asalinsa kurmin sarakunan garin ne, yau kowa na shiga. Ga kuma bakin tekun Fidjrossè, inda matasanmu ke cika ranar Sallah, wanda shi kaɗai ne wurin da na ga mun fara yi wa irin son da nake nufi, don mun je a taro, da abincinmu, kuma muna komawa duk shekara. Shawarata ga malaman islamiyya da kwamitocin masallatai ita ce su zaɓi wuri ɗaya su riƙe shi. Zuwa goma wuri ɗaya ya fi zuwa ɗai-ɗai wurare goma. A je da tabarma da shayi, a yi karatun ranar a can, a koya wa yara sunan itace da tsuntsu da Hausa da Fon da Faransanci. Idan an ga farin ƙyalle a jikin loko, malam ya tsaya ya yi bayani: wannan na maƙwabtanmu ne, ba ma taɓawa, ba ma zagi, ba ma roƙo.

Su kuma masu kula da wuraren nan, abin da zan roƙa bai da tsada. Famfo ɗaya da wani lungu mai tsabta inda mutum zai yi alwala ya ba da farali, da rangwame ga makarantun allo da islamiyya kamar yadda ake yi wa na boko. Iyalin Musulmi da ya san la'asar za ta same shi babu inda zai sa goshi, ba zai fito ba, komai kyan wurin.

Limaminmu dai ya amince daga ƙarshe, da sharaɗi biyu: shi ma da shi za a je, kuma a dawo kafin magariba. Mun sa ranar Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah. Yara goma sha huɗu aka rubuta, uwaye uku sun ce sai sun ga yadda na farko suka dawo. Na koma tashar na nemo yaron nan mai jirgi, mun yi ciniki, ya ce zai nuna musu inda zalɓe ke kwana. Abin da ya rage shi ne rigunan kariya daga nutsewa, guda tara kawai yake da su, kuma na ce masa babu yaron da zai hau sai da tasa.